Filin Tambaya da Amsa: Me ya sami Haiti?

Tambaya: Malam, duk sanda na ji sunan Haiti a rediyo, sai dai girgizar ƙasa ko 'yan daba ko yunwa. Ga shi kuma malaminmu na tarihi ya ce bayi ne suka kafa ta bayan sun kori iyayen gijinsu. To me ya jefa ta cikin wannan hali? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminku gaskiya ya gaya muku. Haiti tana yammacin tsibirin Hisfaniyola a tekun Karibiya, tana raba shi da Jamhuriyar Dominika. A hannun Faransa sunanta Saint-Domingue, kuma babu mulkin mallakar da ya kai ta kawo wa Faransa kuɗi: rake da gahawa, bisa gumin bayi kusan dubu 500, akasarinsu an kwaso su ne daga Afirka. A watan Agustan 1791 suka tashi. Toussaint Louverture ya ja ragamar yaƙin har aka yaudare shi aka kama shi, ya rasu a kurkukun Faransa a 1803. Dessalines, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, ya ƙarasa aikin, ya karya sojojin Napoleon mai mulkin Faransa, ya shelanta 'yanci ranar 1 ga Janairun 1804 a garin Gonaïves.

Abin da ya biyo baya shi ne ke ci mini rai duk sanda na tuna. A 1825 Sarkin Faransa Charles na Goma ya turo jiragen yaƙi bakin gaɓa, ya ce sai Haiti ta biya faran (kuɗin Faransa) miliyan 150, wai diyyar dukiyar da Turawa suka rasa. Cikin "dukiyar" har da su kansu mutanen da suka 'yantu! Babu kuɗin, sai aka ci bashi a bankunan Faransa don a biya Faransa. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma biyan bashin da ruwansa ya ja har cikin ƙarni na 20. Kuɗin makaranta da asibiti da hanya, duk suka bi jirgi. Amurka kuwa ba ta amince da ƙasar ba sai 1862, sannan ta mamaye ta daga 1915 zuwa 1934.

Ba zan wanke shugabanninta ba. Duvalier uba da ɗa sun yi shekara 29 suna danne mutane da wawashe baitulmali. Aka sare dazuzzuka don gawayi, ruwan sama ya riƙa kwashe ƙasar noma daga kan duwatsu. Sai girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, wadda gwamnati ta ce ta kashe sama da mutum dubu 200. A 2021 aka kashe shugaba Jovenel Moïse a gidansa, 'yan daba suka mamaye yawancin Port-au-Prince, babban birnin ƙasar.

Amma rediyo ba ya gaya miki komai. Kin san jema da ake saƙa zana da faifai da ita? Manoman kudancin Haiti suna haƙo saiwar 'yar'uwarta, a tatsi man da manyan kamfanonin turare na duniya ke rububi. Kuma kowace 1 ga Janairu, tun asuba mata ke ɗora tukunyar miyar kabewa da nama da kabeji, suna ce mata "soup joumou". An ce a zamanin bauta bayi ke dafa ta, amma an hana su ɗanɗanawa. Yanzu ana zubawa a kwano a aika wa maƙwabta, kamar yadda muke rabon tuwon salla.