Amsa ga Yaya a kan dutsenmu na Buea

Yaya, na ga saƙonka, na kuma ji dariyar da ke ƙarƙashinsa. Wai Bahaushe ya rasa sana'a sai yi wa Turawa dako zuwa kan dutse. To, wannan ba Dala ba ne da za ka hau bayan la'asar ka sauko kafin magariba. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, kuma da ransa. A 1999 da 2000 ya yi aman wuta, muna ganin jan sama daga ƙofar gida a nan garin Buea, gindin dutsen.

Ɗakuna uku ne a hanya. Na farko cikin kurmi yake. Na biyu, wajen mita 2,800, itatuwa sun ƙare sai ciyawa da baƙin dutse, can ake kwana. Kowa ya duƙunƙune cikin bargo, Bature da Bakweri ('yan ƙabilar da ke zaune a gindin dutsen) da ni, iska tana kaɗa kwanon rufi kamar za ta ɗauke shi. Da na buɗe ƙunshin kilishi sai hira ta tashi. Na uku kuwa dab da ƙololuwa yake, ruwan da ka hau da shi na sha ne, don haka taimama nake yi. Salla dai ba ta taɓa wuce ni a can ba, tunda abin da kake son ji ke nan.

Batun Inna kuma, e, 'yar Bakweri ce. Kakanmu ya zo da shanu tun ana mulkin yankin nan tare da Najeriya, kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 da ta haɗa shi da Kamaru, bai koma ba. Baba ya auri Inna, ta musulunta, kuma miyar kukarta sai ka lashe kwano. Kawunnena ne suka koya mini hanyar dutsen. Suna cewa Efasa Moto, abin bautarsu na gargajiya, ke tsaronsa. Ban yarda ba, amma ba na yi musu dariya, ba kamar yadda aka yi mini a Kano ba da broka ta kuɓuce mini a tsakiyar magana. Har yau abin na yi mini ciwo, wallahi. A nan su ce mini Bahaushe, a can ku ce ɗan Kamaru.

Ka zo watan Fabrairu, lokacin tseren dutse da aka fara tun 1973. Ka taho da rigar sanyi mai kauri, da daddawa, Inna ta ce tata ta ƙare.