Ga ƙanena mai son karatun nukiliya a Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa nan yin digiri na biyu a fannin nukiliya, sai wani ya ce maka Jamus ta rufe tashoshinta na nukiliya, kada ka ɓata lokacinka. Rabin maganarsa gaskiya ce.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka kashe ukun ƙarshe: Isar 2, Emsland da Neckarwestheim 2. Amma kafin a kai nan an sha tirka-tirka. Gwamnatin Schröder, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ce ta fara ƙulla yarjejeniyar rufewa a 2000. Merkel da ta gaje shi ta ƙara wa tashoshin wa'adi a 2010, sai ga bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a Maris 2011, nan take ta lashe amanta, aka dakatar da takwas. Ko hakan bai cece ta ba, domin a cikin watan jam'iyyarta ta rasa jihar Baden-Württemberg da ta riƙe shekara 58. Har yau, ka tayar da zancen nan a wajen cin abinci da Bajamushe, sai ka ga fuska ta canza.

Wannan kwan-gaba-kwan-baya kuwa ya ci kuɗi. Kamfanonin wuta suka garzaya kotu. A 2017 kotun tsarin mulki ta soke harajin da aka ɗora wa makamashin nukiliya, gwamnati ta mayar da fiye da yuro biliyan 6. A 2021 ta sake biyan diyyar kusan biliyan 2.4. Su kuma kamfanonin sun zuba kimanin biliyan 24 a asusun gwamnati suka wanke hannunsu daga sharar nukiliya, duk abin da ya haura haka mai biyan haraji ne zai ɗauka. Ni a ganina an yi gaggawar rufe nukiliya alhali tashoshin kwal na ci, kuma yanke iskar gas ɗin Rasha a 2022 ya tona asirin hakan.

To ga inda aikinka yake. Rushe tasha ba aikin shekara ɗaya ba ne. Ta Lubmin tun 1995 ake kwance ta, ba a gama ba. Har yanzu ba a tsayar da wurin binne shara mai tsananin guba ba. A tsohon ramin gishiri na Asse akwai gangunan sharar nukiliya kusan 126,000 da doka ta ce a fito da su, ga ruwa yana tsatsowa ciki. Ƙwararrun da suka san aikin suna ta yin ritaya. Idan kariya daga tururin nukiliya ko sarrafa shara ya kwanta maka, taho. Sai dai ka dage da Jamusanci tun daga gida, kuma ka sani ana binciken mutum sosai kafin a bar shi ya shiga irin wuraren nan.

In kuwa gina sabuwar tasha ne burinka, Faransa za ka nufa. A 2022 shugaban ƙasarta Macron ya sanar da shirin gina shida.

Af, in ka samu ɗaki, tambayi mai gida ko kuɗin wuta na cikin haya. Wutar Jamus na cikin mafiya tsada a Turai. Ka gaida su Inna.