Tambaya da Amsa: Yaƙi da Ɓarnarsa a Ƙagaggun Labarai

Tambaya: Ni mai yawan karanta ƙagaggun labarai ne, kuma na lura cewa littattafan yaƙin da ake yabawa a yau kusan duk babu jarumi a cikinsu, sai tsoro da yunwa da mutuwa. Ina jarumtakar da muka sani a labaran dā? Ko marubutan zamani sun raina soja ne?

Amsa: Abin da ka lura da shi gaskiya ne, amma ba raini ne ya kawo shi ba. Labarin yaƙi na dā, waƙa ce ko zube, yana tsayawa ne a bayan sarki ko barde, yana lissafa waɗanda ya kashe a matsayin kirari, su kuwa waɗanda suka faɗi ba a ambatar sunansu, balle a tambayi wa suka bari a gida. Ko Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, a kan wannan turba ya tafi, domin gwarzon ne ke ba da labarin kansa, kuma fagen fama wurin nuna bajinta ne.

Abin da ya girgiza wannan salo a Turai shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, inda igwa da bindiga mai aman harsasai da iskar guba suka sa ƙarfin zuciya ya daina yi wa mutum wani amfani. A ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, ranar farko ta gwabzawar Somme a Faransa, sojojin Birtaniya kusan 20,000 ne suka mutu. Waɗanda suka tsira daga irin wannan wuri ba su iya komawa suna rubuta kirari ba. Ɗaya daga cikinsu, Bajamushe Erich Maria Remarque, ya fitar da All Quiet on the Western Front a 1929, kuma abin da ya fi tsaya wa mai karatu a rai a littafin takalmi ne: wani matashin soja yana kwance a asibiti an yanke masa ƙafa, yana gab da cikawa, abokinsa kuwa ya riga ya sa ido a kan takalmansa masu kyau. Marubucin bai nuna abokin a matsayin mugu ba. Ya nuna cewa yaƙi ya koya wa yara ’yan makaranta yin lissafin da ko dattijo ba zai so ya yi ba.

A ganina jarumtaka ba ta ɓace daga waɗannan littattafai ba, wurin zama ta sauya. Ta koma ga sojan da ya ɗauki ɗan’uwansa mai rauni a kafaɗa, da uwar da ta ciyar da ’ya’yanta a lokacin da babu abinci a gari.

Tambaya: Ina koyarwa a sakandare, kuma ɗalibaina sun yi mini gardama cewa wanda bai ga yaƙi da idonsa ba bai cancanci ya rubuta labarinsa ba. Me za ku ce?

Amsa: Malama, ɗalibanki suna da hujja, tunda gani ya kori ji, kuma manyan littattafai da yawa daga hannun tsofaffin sojoji suka fito. Marubucin Rasha Tolstoy ya yi aikin soja a Sebastofol lokacin yaƙin Kirimiya, marubucin Amurka Kurt Vonnegut kuma yana tsare a matsayin fursunan yaƙi a Dresden ta Jamus lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945. Sai dai kuma shi Tolstoy ɗin, mamayar da Napoleon ya kai wa Rasha a 1812 ya rubuta a War and Peace, alhali an haife shi a 1828. An haifi Stephen Crane a 1871, bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865, duk da haka littafinsa na 1895 a kan wannan yaƙi har yau ana karanta shi. Chimamanda Ngozi Adichie ta zo duniya a 1977, bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, amma kakanninta maza biyu a cikinsa suka rasu, kuma daga abin da iyaye suka ba ta labari da abin da ta bincika ta gina Half of a Yellow Sun a 2006. Haka ma Biyi Bandele, wanda mahaifinsa ya je yaƙin ƙasar Bama (Burma) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rubuta Burma Boy a 2007. Saboda haka sharaɗin da zan gindaya shi ne bincike da sauraren waɗanda abin ya shafa, da kuma jin nauyin cewa azabar da ake rubutawa ta faɗa wa mutane na gaske, waɗansunsu ma suna raye.

Tambaya: Na fara rubuta labari a kan wani ƙauye da yaƙi ya ci. Har zuwa ina ya dace in bayyana zubar da jini? Ina tsoron in na rage, labarin ya zama ƙarya, in kuma na yawaita, ya zama abin ƙyama.

Amsa: Tsoronka duka biyu yana kan hanya, amma na biyun ya fi yawan kayar da sababbin marubuta. Mai karatu yana saurin sabawa da jini. Gawa ta farko tana girgiza shi, ta goma kuwa sai ya wuce ta kamar yadda yake wuce adadin mamata a jarida. Aikin ƙagaggen labari shi ne ya hana wannan sabo, kuma hanyar da ta fi inganci ita ce mai karatu ya san mutumin tun kafin a rasa shi: sana’arsa, da bashin da ake bin sa, da wanda yake jiran dawowarsa. Remarque ya yi haka har da abokin gaba, inda ya sa matashin da ke ba da labarin ya daɓa wa wani sojan Faransa wuƙa a cikin rami, sannan ya zauna tare da shi har ya cika, ya kuma buɗe jakarsa ya ga hoton matarsa da ’yarsa, ya gane cewa ma’aikacin ɗab’i ne.

Shawara ta biyu ita ce kada ka tsayar da labarin a ranar da bindiga ta yi shiru, domin mafi yawan ɓarnar yaƙi bayan nan take fitowa fili. A wani gajeren labari na Chinua Achebe mai suna Civil Peace, wanda ya fara bayan yaƙin basasa ya ƙare, wani magidanci yana murna domin ya tsira da matarsa da uku daga cikin ’ya’yansa huɗu, ya kuma tono kekensa da ya binne a kusa da kabarin ƙaramin ɗansa. Babu harbin fagen fama ko ɗaya a labarin, amma mutumin da ke ɗaukar wannan a matsayin babbar sa’a ya riga ya gaya maka abin da yaƙin ya ci. A ƙauyenka ma, ka tambayi wa zai yi noman bana, da wa zai karɓi marayu, da yadda wanda ya ɗauki makami zai zauna kusa da maƙwabcin da ya san abin da ya aikata.

Akwai kuma batun bakin da ke ba da labarin. Ken Saro-Wiwa a Sozaboy na 1985 ya danƙa labarin ga wani yaron mota da ya shiga soja ba tare da ya fahimci dalilin yaƙin ba, kuma wannan rashin fahimta ya fi kowace irin huɗuba tasiri. Ina ganin marubuta da yawa suna ɓata aikinsu ne a daidai nan, inda suke sa wa talaka jawabin masanin siyasa a baki.

Tambaya: Shin irin waɗannan littattafai sun taɓa hana wani yaƙi?

Amsa: Ba zan iya nuna maka yaƙin da littafi ya hana ba. Littafin Remarque ya sayu sosai a ƙasashe da dama, duk da haka shekaru 10 bayan fitowarsa aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne masu mulkin da ke bukatar matasa su tafi fagen fama da murna ba sa raina irin wannan rubutu. ’Yan Nazi sun ƙona littafin a bainar jama’a a 1933, suka kuma ƙwace wa marubucin shaidar zama ɗan ƙasa a 1938. A Tarayyar Sobiyet ma, jami’an tsaro sun ƙwace rubutun Life and Fate na Vasily Grossman a 1961, littafin da ya ginu a kan gwabzawar Stalingrad ta Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba a buga shi ba sai a 1980 a Suwizalan, bayan marubucin ya rasu a 1964.