In yanki tikitin dawowa tun yanzu ko in jira bizar yarinyar ta fito?

Tambaya: Salam Anti. Ina zaune a Amurka kuma na samu zama ƴar ƙasa. Yayana da matarsa sun rasu a Kano sun bar yarinya ƴar shekara 6, kotu ta ba ni riƙonta, na cike fom I-600 na neman Amurka ta amince in kawo ta a matsayin marainiya. Na ga tikiti mai araha, zuwa da dawowa cikin sati uku, in saya mana ni da ita? Sannan wani ejan ya ce in na ba shi kuɗi zai sa a kira mu intabiyu da wuri.

Amsa: Allah ya jiƙansu, ke kuma Allah ya ba ki ladan zumunci. Toh ƙanwata, dan Allah kar ki sayi tikitin nan. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗauko yaran riƙo daga wata ƙasa zuwa wata, dan haka bayan I-600 ɗinki sai ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ya yi nasa binciken da suke kira I-604, su tabbatar yarinyar marainiya ce a ma'anar dokarsu, kuma wannan binciken yana iya cin watanni, babu mai ce miki ga ranar da za a gama. Tikiti mai arahan nan galibi ba a maida kuɗinsa, canjin rana kuma sai sun caje ki tara da ƙarin bambancin farashi, kin ga araha ba ta ado.

Ki ƙara kuɗi ki sayi naki wanda ake iya canja masa rana, nata kuwa na tafiya kawai, shi ma sai fasfo ya dawo hannunki kin ga biza a manne kin duba suna da ranar haihuwa harafi harafi. Nan ne mutanenmu suke shan wuya wallahi, takardar haihuwa Aisha, fasfo Aishatu, takardar kotu A'isha. Ki gyara tun a Kano. Ki kuma sa lauya ya duba takardar riƙon, ta fito fili ta ce an yarda ki fita da ita ƙasar waje, dan riƙo irin namu na musulunci ba ya canja nasaba, shi ya sa yawanci bizar IR-4 ake bayarwa, wato sai kin isa can ki ƙarasa mayar da ita ƴarki bisa dokarsu a kotunsu.

Gwajin likita ma kar ki yi gaggawarsa, yana da wa'adi kuma bizar ba ta wuce wata 6. Masauki a Legas, ki nemi ɗakin da ake biya sati sati ya fi miki otal.

Ejan kuwa ki rabu da shi, ba shi da iko da layin intabiyu, in kuma ya cusa takardar bogi ke za ta shafa.

Tambaya: Anti ni a Ingila nake, hanyarmu ɗaya ce?

Amsa: A'a ɗan'uwa. Tun watan Maris na 2021 Birtaniya ta dakatar da ɗauko yara daga Najeriya ta wannan hanyar, sai dai a nemi izini na musamman daga ma'aikatar iliminsu. Ka fara zama da lauyan shige da fice kafin ka kashe ko sisi a kan tikiti.