Moto mai lantarki: kilomita nawa caji ɗaya yake kaiwa?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Zango a Damagaram amma ina koyarwa a Mirriya. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini moto mai lantarki wanda aka rubuta 60V 20Ah a jikin batirinsa, ya ce caji ɗaya yana kai kilomita 100. In saya?

Amsa: Malam, ajiye maganar mai saye da sayarwa a gefe, ka ɗauki alƙalami, domin lissafin bai fi ƙarfin ɗalibanka ba. Idan ka ninka lambar farko da ta biyu, wato 60 sau 20, za ka sami 1,200, kuma wannan shi ne adadin wutar da batirin yake iya riƙewa, wadda ake aunawa da Wh. Matsayinsa ɗaya da yawan litar da tankin moto yake ɗauka. Ƙaramin moto irin wannan, ɗauke da babban mutum ɗaya a kan kwalta, yakan ci tsakanin 25Wh da 35Wh a kowace kilomita, saboda haka abin da za ka samu bai wuce kilomita 35 zuwa 45 ba, shi ma sai batirin yana sabo. Kilomita 100 ɗin nan ba za ta samu ba sai da mahayi marar nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana tafiyar hawainiya, kuma da batirin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Daga Damagaram zuwa Mirriya wajen kilomita 18 ne, zuwa da dawowa 36 ke nan. Watannin farko zai kai ka ya dawo da kai da ƙyar, amma kafin shekara ta zagayo za ka fara turawa a kan hanya da yamma. Ko dai ka tabbatar akwai inda za ka jona shi a makaranta, ko ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin batirin litiyom mai 30Ah ko fiye. Kuɗin kuran ba abin damuwa ba ne, domin cika wannan batiri bai kai rabin kuɗin litar esansi ɗaya ba.

Tambaya: Idan na ɗaura dinamo a ƙafar baya yana cajin batirin ina tafiya, ai wutar ba za ta taɓa ƙarewa ba, ko?

Amsa: Za ta ƙare, kuma da wuri fiye da da. Ƙarfin da zai juya dinamon daga batirin yake fitowa, kuma abin da zai mayar bai kai abin da ya ci ba. Duk bakaniken da ya karɓi kuɗinka don wannan aiki ya ci banza.

Tambaya: Ina kabu-kabu. Na ga batirin litiyom mai 60V 50Ah da rabin kuɗin da ake sayar da irinsa. Mai shi ya ce daga Kano aka kawo shi, shi ya sa ya yi sauƙi.

Amsa: Ɗana, kayan Kano ma da kuɗi ake sayo su, kuma babu ɗan kasuwar da zai biya mota da kwastan sannan ya zubar da rabin jarinsa don ƙaunarka. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mutanenmu suna sayen takardar da aka manna ne, ba batirin ba. Buga lamba a kan takarda ba ya cin ko dala, shi ya sa za ka ga ƙananan batura masu kama da yatsa, waɗanda ake kira 18650, an rubuta musu 9,900mAh a matsayin yawan wutar da suke riƙewa, alhali mafi ingancinsu daga manyan kamfanoni irin Samsung da LG da Panasonic bai wuce wajen 3,500 ba. Irin waɗannan ƙwayoyi ake jerawa a cikin akwati a kira shi batirin moto, wasu an ciro su daga tsofaffin kwamfutoci, an sake musu riga, wasu kuma babu komai a cikinsu da ya kai rabin abin da aka rubuta. Mafi muni shi ne wanda aka haɗa ba tare da na'urar da ke tsayar da caji idan ya cika ba, domin wannan ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba, gobara yake tayarwa, kuma wutar litiyom tana da wuyar kashewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mutumin da zai kwashe rabin yini a kasuwar Dole yana duba haƙoran rago kafin ya biya, shi ne zai miƙa jakunkuna masu yawa a kan akwatin da bai ko ɗaga ba. To, ɗaga shi, ka ɗora a sikeli. Batirin gaskiya mai 60V 50Ah yana riƙe da 3,000Wh, kuma da wuya nauyinsa ya gaza kilo 15. Idan ka ɗauke shi da hannu ɗaya cikin sauƙi, ka mayar masa da kayansa. Nauyin ma ba hujja ba ce ita kaɗai, tun da masu ha'inci sun san dabarar cika wuri da yashi. Saboda haka ka nemi a cika shi a gabanka, ka hau da fasinja, ka auna nisan da waya har ya kusa ƙarewa, sannan a rubuta maka garanti a takarda da sunan shago. Wanda ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya faɗa maka gaskiyar kayansa. Kuma ka tuna sana'arka: fasinja da buhu da rairayin cikin unguwanni da gudu duk suna cin wuta, ta yadda ko batirin gaskiya sai ka rage kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya ba ka.

Tambaya: Na yi adashi na saya wa 'yata keke mai lantarki don zuwa jami'a. Da farko yana kwana biyu da caji ɗaya, yanzu bayan wata takwas kullum sai an jona. Hankalina ya tashi, ko an cuce ni ne?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Ba lallai ne an cuce ki ba. Yawancin kekuna masu sauƙin kuɗi da batirin dalma suke zuwa, wanda yakan jure caji sau 300 zuwa 500 kawai, kuma zafinmu na Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana gaggauta tsufansa. Ɗaukewar wuta ma tana da hannu, domin sau da yawa ana zare shi bai cika ba, alhali yana bukatar awa 6 zuwa 8. Kafin ki kashe ko sisi, a duba iskar tayoyi da birki, domin taya marar iska ko birkin da ke goga yana shanye wuta ba a sani ba. Ki ce wa yarinyar ta riƙa ajiye shi a inuwa, ta bar shi ya huce rabin awa kafin ta jona, kada ta bari ya ƙare ƙaf, kada kuma ya kwana babu caji. Ta yi amfani da cajarsa ta asali kaɗai, a zaure ko tsakar gida, ba a ɗakin kwana ba. Idan duk da haka bai gyaru ba, batirin kaɗai za a sauya, keken yana nan lafiya, amma a sauya dukan baturan da ke jere a cikin akwatinsa tare, domin sabo ɗaya a cikin tsofaffi ba ya daɗewa.