Ku Tambaya, Mu Amsa: Takardar CV da Neman Aiki a Kumasi

Yawancin wasiƙun da suka zo mana wannan watan a kan CV suke, wato takardar da mai neman aiki ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Tambaya: Na gama HND a fannin akanta a Jami'ar Fasaha ta Kumasi, na yi bautar ƙasa a ofishin kuɗi na wata majalisar gunduma. Na tura CV ɗina mai shafi huɗu wurare fiye da 30, har yau shiru. Ina matsalar take? (Wani matashi daga Asawase)

Amsa: Ɗan'uwa, ka faɗi matsalar da bakinka: shafi huɗu, kuma takarda iri ɗaya zuwa wurare 30. Mai tace takardu yana da tuli a gabansa, kallo ɗaya yake yi wa kowace kafin ya ware ta dama ko hagu. Wanda bai wuce shekara uku da gama makaranta ba, shafi ɗaya ya ishe shi. Biyu ne iyaka, ko ga wanda ya daɗe yana aiki.

Fara da yanka. Cire makarantar firamare da sakamakon BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare (JHS), tunda mai HND ba a tambayarsa ko ya yi JHS. Cire sunan iyaye, garin asali, ƙabila, da zancen kana son ƙwallo da karatun jarida. A saman takarda sunanka ya zauna da manyan haruffa, ƙarƙashinsa lambar waya, adireshin imel da gari. Sai layi biyu ko uku masu faɗin ko kai wane ne a wajen aiki. Daga nan ayyukan da ka yi, na baya-bayan nan a sama, kowanne da wata da shekarar farawa da gamawa. Sai karatu, sai ƙwarewa.

Bautar ƙasarka aiki ce, a ƙarƙashin ayyuka za ta shiga, kuma nan ne yawancin matasa ke zubar da damarsu. Sai su rubuta abin da ke nufin "na taimaka a ofishin kuɗi". Wannan bai gaya wa kowa komai ba, ko mai share ofis ya taimaka. Da Turanci za ka rubuta, amma ma'anar ta zama kamar haka: "Na riƙa daidaita rasidan harajin kasuwanni uku da bayanan banki kowane mako, ina shigar da su a Excel." Ko: "Na shirya takardun biyan kuɗi kimanin 40 a wata domin sa hannun akanta." Kowane layi ya fara da aikatau, ya ɗauki adadi in akwai. Sai dai adadin ya zama na gaskiya, domin ranar ganawa a kansa za a tsare ka.

Batun wurare 30 kuwa, ɗauki tallar aikin da biro, ka ja layi ƙarƙashin abin da suka nema. In sun ambaci manhajojin lissafi irin QuickBooks da Tally, lissafin harajin kaya (VAT), harajin albashi (PAYE) ko kuɗin fansho na ma'aikata (SSNIT), kuma ka iya, to waɗannan kalmomin su fito a takardarka yadda suka rubuta su. Bankuna da manyan kamfanoni da dama manhaja ce ke fara karanta takardun kafin idon mutum, kuma kalmomi take nema. Irin CV ɗin nan masu ado da ake saukewa daga intanet, masu launi da akwatuna da rubutu a jeri biyu, sukan rikita manhajar ta haɗa layin hagu da na dama. Farar takarda, baƙin rubutu, salon harafi na Arial ko Calibri mai girman 11, shi ke nan.

Tambaya: Ni bakanike ne, shekarata bakwai a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen maigidana, a kan manyan motoci. JHS kawai na gama. Ina so in nemi aiki a kamfanin sufuri ko wajen haƙar zinari a Obuasi. Me zan rubuta, tunda ba ni da takardu? (Wani mai karatu daga Sabon Zango)

Amsa: Malam, kana da abin rubutawa fiye da mai digirin da bai taɓa riƙe sifana ba. Abin da za ka yi shi ne ka ba aikin fifiko: aiki a sama ya cinye kashi biyu cikin uku na shafin, karatu a ƙasa layi ɗaya.

Rubuta sunan garejin da inda yake, shekarar da ka shiga, da shekarar da aka yaye ka. Raba shekarun gida biyu, na koyo daban, na aiki a matsayin cikakken bakanike daban, domin kamfani ba ya lissafa su ɗaya. Sannan ka sauko kan ainihin aikin. Kalmar "gyaran mota" ta yi faɗi. Wace mota? DAF, MAN, Howo, ko Sprinter ta haya (tirotiro)? Wane sashe? Sauke injin dizal da sake haɗa shi, giyabos, birkin iska, famfon mai da nozul, ko waya? Ka iya jona na'urar binciken matsala ta kwamfuta ka karanta abin da ta nuna? In ka iya, wannan ya hau layin farko, domin a kansa ake bambanta masu nema yanzu. Faɗi yawan yaran da ke ƙarƙashinka. Faɗi ko kana bin motar da ta lalace a hanya, misali hanyar Tamale, ka gyara ta a can. Wuraren haƙar ma'adinai ba sa wasa da kiyaye haɗari, don haka duk wani horo da ka taɓa samu a kan haka, ko na kwana ɗaya ne, sa shi da sunan wanda ya bayar da shekarar.

Takardu biyu za su ƙarfafa ka. Ta farko wasiƙar shaida daga maigidanka, da kwanan wata, sa hannu, hatimi in yana da shi, da lambar wayar da ake samunsa. Ta biyu jarrabawar ƙwarewar sana'a ta gwamnati, mataki na ɗaya da na biyu, wadda aka tanada domin irinku da suka koyi sana'a a hannun maigida, kuma aikin hannu ta fi dubawa. Ko ba ka zauna ba tukuna, da zarar ka yi rajista kana iya rubuta cewa kana kan hanya. In kana da lasin tuƙi na hukumar DVLA, faɗi ajinsa, domin B daban, D daban, F daban.

Gargaɗi ɗaya. Idan ka je shagon buga takardu, kada ka bar yaron kwamfuta ya ɗauko CV ɗin wani ya canza suna. Zauna kusa da shi, ka faɗa ya rubuta, ya karanta maka ka ji. An sha ganin mutum a gaban masu ganawa ana tambayarsa abin da ke takardarsa, shi kuwa a ranar ya fara jin labarinsa.

Tambaya: A takardar WASSCE ta gama sakandare an rubuta sunana da wani salo, a Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, da wani. Wanne zan sa? Kuma na yi shekara huɗu a gida bayan aure, ina sayar da atamfa da mayafai. In ɓoye shekarun? (Wata 'yar'uwa daga Aboabo)

Amsa: Hajiya, wannan ciwon 'yan Zango ne da yawa: Aisha a nan, Ayishetu a can, Muhammad ya koma Mohammed ko Mahama, gwargwadon kunnen malamin da ya yi rajista. Sa sunan da ke Ghana Card, domin da shi za a buɗe miki fayil ɗin albashi, tunda an haɗa lambar SSNIT da ta haraji da katin. Sannan ki je ki yi takardar rantsuwa a kotu ko gaban kwamishinan rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a buga a Gazet ta gwamnati. Yi tun yanzu, kada sai an ce ki kawo takardu gobe. Lambar katin kanta ba ta da wuri a CV.

Shekaru huɗun kuma kada ki bar su fanko, giɓi ya fi jawo tambaya. Kasuwanci aiki ne. Rubuta shekarun, kayan da kike sarowa da inda kike saro su, yawan abokan cinikinki, yadda kike riƙe littafin bashi, karɓar kuɗi ta waya (MoMo), da talla ta WhatsApp. Ga mai neman aikin kanti ko karɓar kuɗi, wannan ya fi wata takardar kwas nauyi.

Tambaya: Hoto da addini fa? Kuma liman zai iya tsaya mini shaida? (Wani ɗalibi daga KNUST)

Amsa: Hoto sai in tallar ta nema, addini da zancen aure ba sa shiga. Amma harsuna su shiga: Hausa, Tiwi, Dagbani, Larabci, Faransanci, da matakin da ka kai a kowanne, ji da magana kawai ko har da rubutu. Masu tsaya maka biyu sun isa, waɗanda suka ga aikinka, kamar malamin jami'a da wanda ya kula da kai a wurin horon aiki. Liman ya dace in ka koyar a makarantarsa ko ka riƙe masa lissafin masallaci. Kawu da baffa ba sa cikin lissafi. Nemi izininsu kafin ka sa lambarsu.

Tambaya: Wani ya ce in turo CV ta WhatsApp da sidi 300 na fom. In tura? (Daga Tafo)

Amsa: Kada ka tura. Wanda ya nemi kuɗi ta MoMo kafin ganawa, kuɗin yake nema, ba ma'aikaci ba. Duba ko tallar na shafin kamfanin kansa ko a jarida irin Daily Graphic. In aikin na gaske ne, mayar da takardar PDF, kada ka ɗauki hotonta da waya. Sa wa fayil ɗin cikakken sunanka, ka tura daga imel mai sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a majalisa ba. Rubuta sunan gurbin a kan saƙon, da 'yan layuka na gabatar da kai, sannan ka fara tura wa kanka ka buɗe a waya ka ga ko layukan sun zauna daidai.