Android Auto ya ƙi fitowa a allon mota, duba Wi-Fi tukuna

Ka ce wayarka tana haɗuwa da motar ta Bluetooth, kira yana shiga lafiya, amma Android Auto, manhajar da ke nuna taswira da waƙoƙin wayar a allon mota, ya ƙi fitowa sai ka sa kebul. Matsalar galibi daga Wi-Fi take. Ka kunna shi, ka kashe hotspot (raba data daga waya) da VPN (manhajar ɓoye hanyar intanet), sannan ka goge sunan wayar daga allon motar, ka goge sunan motar daga wayar, ka sake haɗa su motar tana tsaye.

Dalili shi ne Bluetooth gabatarwa kawai yake yi, taswira da waƙoƙi ta Wi-Fi mai 5GHz suke bi, shi ya sa hotspot ke tare hanya. Na sha ganin haka a wayoyin masu raba wa 'yan gida data. Sai dai ka tabbatar wayar tana kan Android 11 ko sama, kuma ka cire manhajar Android Auto daga tsarin tattalin batir, don yana kashe ta a ɓoye. In motar 'yar tokumbo ce ta shekarun baya, ƙila da kebul kaɗai take aiki, sai ka sayi ƙaramar adafta ta ramin USB mai haɗa waya da mota ba tare da kebul ba.